Ganuwa, Kafi da Dutse: Wuraren Tsaro na Dauri a Kudancin Kaduna da Darasin Sansanonin Faransa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2008 Hukumar UNESCO ta sanya wurare 12 daga cikin sansanonin yaƙin da Vauban ya gina wa ƙasar Faransa a cikin jerin kayan tarihi na duniya. Gine-ginen da aka yi domin kisa da kare kai sun koma wuraren da ɗalibai da masu yawon buɗe ido ke ziyarta. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta akwai wuraren tsaro na dauri masu yawa, har da waɗanda Faransawan kansu suka bari a Damagaram da Agadas, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka sami irin wannan gata.

Wannan maƙala za ta dubi yankin Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna ta wannan fuska. Manufarta ita ce ta nuna cewa tsohon wurin tsaro ba ya zama kayan tarihi sai an san sunansa, an san kalmomin da ke bayyana sassansa, an kuma ji labarinsa daga bakin duk waɗanda abin ya shafa. Ke nan kashi mai tsoka na aikin yana wuyan masana harshe ne. Za a fara da misalin Faransa, a biyo da kalmomin tsaro na Hausa, sannan a shiga kudancin Kaduna.

2.0 Sansanonin Faransa

2.1 A Cikin Faransa

Sébastien Le Prestre de Vauban (1633-1707) shi ne babban maginin soja na Sarki Louis na 14. A zamaninsa igwa ta riga ta karya darajar dogon garu irin na da, domin harsashinta yana rusa shi cikin sauƙi. Saboda haka sai aka koma gina garu gajere mai kauri, wanda aka cika bayansa da ƙasa, aka kuma fitar masa da kusurwoyi masu tsini kamar tauraro. Hikimar wannan siffa ita ce babu wani ɓangare na gindin garu da maharan za su laɓe a cikinsa ba tare da masu tsaro sun hango su daga wata kusurwa ba. Garin Neuf-Brisach mai kusurwa 8, kusa da kogin Rhin, da kagarar birnin Besançon suna cikin misalan da suka fi shahara.

Abin lura a nan shi ne Faransawa ba su ɓoye ɗacin da ke tattare da waɗannan wurare ba. A kagarar Besançon sojojin Jamus sun harbe kimanin mutum 100 daga cikin masu gwagwarmayar ƙwatar ƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma an buɗe gidan tarihi a cikinta domin tunawa da wannan zamani. Haka kuma a Douaumont, kusa da Verdun inda aka gwabza a 1916, an tara ƙasusuwan sojoji kimanin 130,000 na Faransa da na Jamus a gini ɗaya, saboda ba a iya bambance wannan da wancan. A wurin ne shugabannin ƙasashen biyu, François Mitterrand da Helmut Kohl, suka tsaya riƙe da hannun juna a 1984.

2.2 A Ƙasar Hausa

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla daga 1890 zuwa 1906 su suka raba ƙasar Hausa gida biyu, shi ya sa sansanonin Faransa suka kasance a arewacin iyaka. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A shekarar da ta biyo baya rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar daga yamma, ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kuma yi ɓarnar da har yau ba a manta da ita ba. Bayan da sojojinsu suka kashe waɗannan hafsoshi biyu, ragowar rundunar ta ci nasara a Tirmini a ƙarshen watan Yulin 1899, ta shiga Damagaram. Faransawa suka kafa sansani a garin, suka raɗa masa sunan Cazemajou. Damagaram ta zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Bayan samun mulkin kai an sauya wa sansanin suna zuwa na Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, wanda kuma ya shahara da ƙarfafa ganuwar birnin da ƙera igwa. Ginin bai motsa ba, amma sauya suna ya sauya labarin da yake faɗa wa mai wucewa. A Agadas kuwa, mayaƙan Kawusan sun yi wa sansanin Faransawa ƙawanya daga Disamban 1916 har zuwa Maris na 1917, lokacin da rundunar agaji ta iso daga Damagaram. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin UNESCO a 2013.

Darasi biyu ke nan za a ɗauka zuwa kudancin Kaduna. Na farko, wurin tsaro yana da mutanen ciki da mutanen waje, kuma labarinsa ba ya cika sai an ji duka biyun. Na biyu, sunan da aka kira wuri da shi hukunci ne a kan tarihinsa.

3.0 Kalmomin Tsaro a Hausa

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fanni, abin da ke nuna daɗewar al'ummar a cikin harkar gina birane. Littafin tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwar Kano ga Sarki Gijimasu (1095-1134), sannan Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta. A ƙasar Zazzau kuwa, baka ta saba jingina tsofaffin ganuwoyi ga Sarauniya Amina. Ga wasu daga cikin kalmomin:

(a) ganuwa: tudun ƙasa ko garun da ya kewaye gari;
(b) badala: dakalin da ke jikin ganuwa ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa su yi harbi; Kanawa kan kira ganuwar baki ɗaya da wannan suna;
(c) gwalalo: ramin da ke bin ganuwa ta waje;
(d) kafi: shingen itatuwa da aka kakkafa a kewaye ƙaramin gari;
(e) kagara: shinge ko gini mai ƙarfi da ake fakewa a cikinsa lokacin hari;
(f) sansani: masaukin mayaƙa;
(g) ribaɗi: garin da aka kafa a bakin iyaka domin tsaro, daga Larabci; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817-1837) ya kafa irinsu da dama, kuma a ɗaya daga cikinsu, wato Wurno, ya rasu;
(h) bariki: mazaunin soja, daga Ingilishi.

Abubuwa biyu ne za su ja hankalin mai nazarin harshe. Na farko shi ne yaɗuwar ma'ana. Kalmar kafi ta wuce shingen itace ta koma asirin da ake binnewa domin tsare gari ko gida, kamar yadda ake cewa "an yi wa garin kafi". Bariki ta tashi daga mazaunin soja ta koma masaukin baƙi na gwamnati da unguwar Turawa, daga nan ta koma sunan wata irin rayuwa, har aka sami "ɗan bariki" da "zaman bariki". Na biyu shi ne yadda kalmomin suka daskare a sunayen garuruwa: Birnin Gwari, Birnin Kudu, Kafin Hausa, Kafin Madaki, Kagara, da kuma Kafi, wadda Turawa suka rubuta Keffi. Sau da yawa itacen ya ruɓe, ƙasar ta zaizaye, sunan kaɗai ya rage yana ba da shaida. Yaron da ya tashi a birni a yau yana iya sanin kafi a ma'anar asiri bai taɓa jin ma'anarta ta asali ba, balle gwalalo.

4.0 Wuraren Tsaro a Kudancin Kaduna

4.1 Garuruwan Sarauta da Zanguna

A ƙarni na 19 kudancin Zazzau ya kasance bakin iyaka. Kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa kan sarautar Zazzau na 1960, akwai ƙananan masarautu da ke biyayya ga Zariya, daga cikinsu akwai Kauru da Kajuru masu sarautar Haɓe, da Lere da Kagarko da Jama'a masu sarautar Fulani, sai Kafi da Nasarawa can kudu. An kafa Jama'a wajen 1810 a ƙarƙashin Malam Usman, kusa da dutsen Daroro, shi ya sa ake kiranta Jama'ar Daroro. Ban da waɗannan akwai zanguna na fatake a kan hanyar da ta nufi kogin Binuwai, wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Zangon Kataf.

Waɗannan garuruwa tsibirai ne na masu magana da Hausa da Fulatanci a tsakiyar al'ummomi masu wasu harsuna, don haka sun dogara ga dabarun da aka lissafa a sama: ganuwa ko kafi, rami, da ƙofar da ake rufewa da dare. Ga mazaunansu ganuwa rahama ce. Amma tilas a faɗi ɗaya ɓangaren: harajin da wasu daga cikin masarautun ke kai wa Zariya ya haɗa da bayi, kuma daga ƙauyukan da ke kewaye ake kamo su. Ƙofar da ɗan gari ke gani a matsayin mafaka, ita ce maƙwabcinsa ke gani a matsayin inda mahara ke fitowa.

4.2 Dutse, Kogo da Kurmi

Al'ummomin yankin sun mayar da martani da nasu irin tsarin tsaro, wanda bai buƙaci tubali ba. Dutsen Kagoro, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200, yana kallon Kafanchan daga gabas, kuma shi ne misali mafi bayyana. Doki shi ne ƙarfin rundunar masarauta, dutse kuwa yana kashe amfanin doki. Hanyar hawa siririya ce, mutum kaɗan masu kwari da baka da duwatsun gangarawa suna iya tare ta, ga kuma koguna inda ake ɓoye mata da yara da hatsi. Da wannan ne mutanen Kagoro suka tsira da 'yancinsu har zuwan Turawa, kuma saboda haka ne mulkin mallaka ya bar Kagoro da Marwa da Jaba a matsayin gundumomi masu zaman kansu, ba a ƙarƙashin wani sarkin yanka ba. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu yana ɗauke da wannan tarihi a cikin sunansa, domin a harshen mutanen kalmar tana nufin dutse.

Inda babu dutse, tsiro ya maye gurbinsa. Ana kewaye gida da gona da hanya da shingen ƙyarana, mai ƙaya da farin ruwa mai dafi, har ƙauye ya zama lunguna masu ruɗa baƙo waɗanda mahayi ba ya iya ratsawa. Wasu kuma sukan kafa gidajensu a jikin kurmi domin su shige ciki idan an yi kururuwa. Sunayen garuruwa irin su Kurmin Musa suna tuna wa mai nazari muhimmancin kurmi a tsarin zaman yankin.

Matsalar ita ce idon da ya saba da ganuwar Kano ko kagarar Besançon ba ya ganin waɗannan a matsayin gine-ginen tsaro. Yana ganin dutse da daji kawai. Sai wanda ya san sunan kowace hanya, da sunan kogon da aka fake a ciki, da sunan wurin da mai gadi ke tsayawa, shi ne zai mayar da dutsen ya zama sansani a idon mai ziyara. Wannan ilimi yana cikin harsunan Tyap da Jju da Hyam da 'yan'uwansu, a bakin tsofaffi.

4.3 Zuwan Turawa da Jirgin Ƙasa

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, Kano a 1903, suka kuma shafe shekaru suna kai hare-hare kan mutanen duwatsu kafin su saukar da su. Bindiga mai jigida ta yi wa ganuwa da dutse abin da igwa ta yi wa garun Turai. A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aikin mulki a Jama'a, ya wallafa littafi kan al'ummomin yankin a 1912. Littafin cike yake da raini irin na zamaninsa, amma yana da amfani ga mai bincike idan ya karanta shi da taka-tsantsan.

Abin da ya ƙarasa sauya taswirar yankin shi ne hanyar jirgin ƙasa. Zuwa 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, kuma a 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a nan. Mutane suka bar tsofaffin wuraren tsaro, na tudu da na kwari, suka nufi bakin hanya da kasuwa. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure sakaci. A da, aikin gayya na kowace shekara shi ke riƙe da ganuwa. Da aka daina shi sai damina, wadda ta fi ƙarfi a nan bisa ga ta Kano, ta shiga cinye ta, manoma da masu gini suka kwashe abin da ya rage. Wani abin mamaki shi ne "kagarar" da ta fi suna a yankin ita ce ta Kajuru, wadda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 bisa fasalin gidajen sarakunan Turai na dauri, ba a kuma taɓa yin yaƙi a cikinta ba.

5.0 Matsalar Suna

Yawancin al'ummomin kudancin Kaduna suna da suna biyu, wanda Hausawa suka ba su kuma Turawa suka rubuta, da wanda suke kiran kansu da shi:

Kataf: Atyap
Kaje: Bajju
Jaba: Ham
Kagoro: Agworok
Marwa: Asholio
Kagoma: Gwong
Kadara: Adara
Kafanchan: Fantswam

Harsunan waɗannan al'ummomi na reshen Filato ne a cikin dangin Binuwai-Kwango, kuma da yawansu suna amfani da ɗafa-goshi wajen rarraba sunaye. A Jju, misali, mutanen su ne Bajju, harshen Jju, ƙasar kuwa Kajju. A bayyane yake cewa "Kaje" ta Hausa ta samo asali ne daga sunan ƙasar, sai aka yafa shi a kan mutanen. Yawan sunayen da ke farawa da ka- a jerin da ke sama ya isa ya sa a bincika kowannensu ta wannan hanya. Haka nan ya kamata a guji gaggawar danganta Kafanchan da kafi saboda kamannin sauti kawai, alhali ga sunan Fantswam a kusa.

Wannan ba batun ilimi zalla ba ne. Yankin ya sha fama da rikici, kamar na Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, kuma a kowane karo ana jawo tarihin ƙarni na 19 a kafa hujja da shi. Allon bayanin da aka kafa a gindin dutse ko a kufan gari yana iya zama magani, yana kuma iya zama fami. Idan allon ya kira wani ɓangare "arna" kamar yadda tsofaffin takardu suka yi, ko ya kira ɗaya ɓangaren "baƙi" bayan shekaru 200 da zama, to an sake gina ganuwar da kalmomi. A nan ne darasin Douaumont yake da amfani: an tara mamatan ɓangarorin biyu wuri guda ba tare da an musanta cewa an yi yaƙi ba.

6.0 Aikin da Ke Gaban Masana Harshe

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ba ta ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa. Misalin Sukur a Jihar Adamawa, wadda ta shiga jerin UNESCO a 1999, ya nuna cewa mazaunin kan dutse mai gonakin matakala da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu yana iya samun karɓuwa a duniya. Shi ma yankin da ake magana a kai ba baƙo ba ne ga masu binciken kufai, domin a ƙauyen Nok na ƙasar Ham aka fara tono gumakan yumɓu a 1928, kuma Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara sabon bincike a yankin a 2005. Amma kafin hukuma ta ayyana wuri, sai an sami wanda ya rubuta shi. Ana iya kasa aikin kamar haka:

(i) Tattara sunayen wurare. A bi kowane dutse da kufai tare da dattawan wurin, a ɗauki sunan kowace hanya, kogo, rijiya da ƙofa a na'ura, a rubuta shi da karin sautinsa, a kuma ajiye sunan Hausa a gefensa idan akwai.

(ii) Ƙamusun kalmomin tsaro. A jera kalmomin Hausa da aka kawo a sashe na 3.0 tare da takwarorinsu na Tyap da Jju da Hyam da Fulatanci. Inda aka sami aro, alƙiblarsa za ta nuna wa ya koya daga wa.

(iii) Adabin baka. Kirarin sarakuna da waƙoƙin yaƙi na masarautu, da waƙoƙin farauta da na makoki na mutanen duwatsu, sau da yawa abu ɗaya suke bayarwa daga fuska biyu. A ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

(iv) Daidaita kalmomin bayani. A samar da ƙa'idar rubuta allunan bayani da harshen wurin da Hausa da Ingilishi, a fara da sunan da mutanen wurin ke amfani da shi.

Harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna da ɗaliban da ke jin waɗannan harsuna tun daga gida, kuma kundin kammala karatu ɗaya yana iya ɗaukar dutse ɗaya. Idan aka yi haka, za a iya tsara ziyarar yini guda da za ta haɗa tsohuwar Jama'a da dutsen Kagoro da tashar jirgin Kafanchan, ta yadda ɗalibi zai ga mafakar kowane ɓangare da kuma abin da ya kawo ƙarshen zamaninsu. Gani ya kori ji.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa darajar sansanonin Vauban a yau ba ta tsaya ga ƙarfin dutsen da aka gina su da shi ba. Ta haɗa da rubuce-rubucen da aka adana da kuma yarda a faɗi abin da ya faru a cikinsu. An ga yadda sansanin Faransawa na Damagaram ya sauya ma'ana da sauyin suna. An kuma ga cewa kudancin Kaduna yana da tsarin tsaro iri biyu da suka fuskanci juna a ƙarni na 19, wato ganuwa da kafi a gefe ɗaya, dutse da kurmi a ɗaya gefen, kuma mafi yawan abin da ya rage daga cikinsu yana cikin harshe ne. Garun dutse irin na Besançon yana iya jiran mai bincike shekaru 300. Dattijon da ya ji sunayen hanyoyin dutsen Kagoro daga bakin kakansa wanda ya fake a can ba zai yi irin wannan jira ba, saboda haka da shi ya kamata a fara.